Ƙaramin Turmin Surukina Maharbi

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu tattara. Surukina ya riga mu tafiya wata Talata da hantsi, yana zaune kan tabarmarsa a zaure, bayan ya shanye kununsa har ya yi ƙorafin tsamiya ta yi yawa. Bai yi jinya ba. Ya jingina da bango kamar mai hutawa, shi ke nan.

Wallahi ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa a Azare ba. An yi kuka, mata a cikin gida har muryoyinsu suka dishe, amma a ƙofar gida kwana uku liman yana gyaran murya don a rage dariya. Wanda ya fara ɓata zaman shi ne Baffa, abokin farautarsa na Gololo, wani dogon dattijon Bafulatani mai ɗingishi. Ya sauko daga bayan babur, ya rufe fuska da bakin rawani ya yi kuka sosai, ya yi addu'a da Hausa ya ƙara da Fillanci. Yana share hawaye sai ya nuna wata tsamiya can ƙarshen layi ya ce, "Jama'a, ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya rage a ƙasar Katagum da zai fasa ƙwarya da bindiga daga nan zuwa can?" Wani maharbi daga Yana ya ce ai nisan ranar ya fi haka. Wani ya ce bai kai ba. Kafin a ankara tsofaffi uku sun miƙe suna auna titi da taku, an bar masu gaisuwa da hannu a sama. Har maƙwabcina na kasuwa, mutumin kudu mai sayar da kayan inji, ya rufe shagonsa ya zo ya tsuguna a bakin tabarma yana cewa, "Baba mutum ne, Baba mutum ne," idonsa jawur.

Ni ina can gefe, inda ya dace mijin 'ya ya zauna. 'Yarsa ta uku nake aure. Ina jin musun da suke yi a kan ƙwaryar nan, zuciyata tana tsalle, domin akwai rabin labarin da ba su sani ba. Shi nake so in rubuta kafin ni ma a zauna nawa makokin.

Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, da murya kamar ta mutum biyu. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba sai sau ɗaya tak. Aikina feran ƙarfe ne, ina da injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, ina yi wa masu injin niƙa da masu famfon ban-ruwa abin da ya karye musu. Don haka sai ya sa mini "mai inji". Ko wannan ɗin ma ba ni yake faɗa wa ba. Ina tsugune taku biyu daga gabansa, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa mai inji yaya yara?" Ni kuma in dubi tabarma in ce, "A ce wa Baba suna gaishe shi." Mu biyu ne kaɗai a zauren fa. Haka muka yi shekara ashirin da wani abu muna aiken bango da tabarma, kuma ban taɓa jin wani ya ƙaunace ni kamar yadda mutumin nan ya ƙaunace ni ba.

Lokacin da matata take da cikin fari, ta ƙi cin komai, sai ta ce zabuwar daji take so. Ban faɗa wa kowa ba, amma magana ta je. Washegari da la'asar maƙwabciyarmu ta shigo da zabi biyu, ta ce wani tsoho ne ya miƙo daga waje ya juya. Ashe da ƙafa ya je har wajen Yana ya dawo. Bai shiga gidan ba, bai kuma taɓa yarda cewa shi ne ba. Da ruwan farko ya sauka kuwa, ko sarki ne ya aiko neman zabuwa ba zai harba ba, yakan ce suna kan ƙwai, a bar su su ƙyanƙyashe. Kuma yana da zafi a kan bindiga. Wani ƙanen Inna, wato surukata, ya taɓa ɗaukar bindigarsa ba harsashi a ciki, ya nuna akuya yana wasa. Shekara guda cur mutumin nan bai sake taka zauren ba, har sai da liman ya sa baki.

Bindigar tsohuwa ce mai baki ɗaya, da lasisinta da komai. Harsashinta ya yi wuyar samu tun da daɗewa, don haka da kansa yake sake cika kwansunan da ya harba. Abin da yake zubawa a ciki da yadda yake aunawa ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba, ni ƙarfe na sani. Abin da na sani shi ne aikin ƙarshe, wato zaunar da dalma a bakin kwanso. Yana da wani ɗan ƙarfe mai rami da ake saka kwanson a ciki, da wani siriri da ke shiga ta sama ya danna dalmar ta zauna. Bakin siririn nan an ɗan ƙwaƙule shi don ya rungumi kan dalmar. Baba yana kiran su turmi da taɓarya. Yayansa marigayi ne ya ƙera masa su, wani maƙeri da aka yi a Chinade, kuma a wata jakar fata yake ajiye su wadda ko Inna ba ta buɗewa. Ran Alhamis da safe yake wannan aiki, ran Alhamis ɗin kuma nake zuwa gaisuwa. Tunda ba na duban fuskarsa, hannuwansa nake kallo. Shekara da shekaru ina kallon hannuwan nan, har na san turmin nan fiye da yadda na san wasu kayan shagona.

Masifar ta zo ne a shekarun da wayar salula ta shigo Azare, kowa yana yawo da ita a aljihun gaba don a gani. Mazubin da Baba yake zuba narkakkiyar dalma a ciki ya tsage, ya samo wani a hannun wani maharbi. Daga nan harbinsa ya fara kaucewa. Mutumin da ba a taɓa jin ya harba sau biyu a kan abu ɗaya ba, sai ga shi yana dawowa da jaka wayam.

Sannan gadu, aladen dajin nan mai haure, ya addabi gonar rogon Baffa a Gololo. Baffa ya aiko, Baba ya je. Ya harba ya kuskure, ya sake ya kuskure, na uku ya ɗan shafi dabbar a baya. Gadun ya juyo a fusace ya yi kan Baffa, ya yage masa cinya. Ɗingishin da na ce yana yi, daga ranar ya samo shi.

Kai, gari ya ɗauka! Masu shayi suka ce idon tsoho ya tafi. Wasu suka ce an karya masa asiri ne. Baba ya daina zama a ƙofar gida, yana dawowa daga masallaci sai ya shige. Babban ɗansa, wanda duk muke kira Yaya, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, kuma shi ke zuwa sabunta lasisin bindigar duk shekara. Ya zo ya tsuguna gabansa, ina nan a wurin.

"Baba, bana ba zan sabunta takardar nan ba. A miƙa bindigar."

Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba shi ma, tunda ɗan fari ne. Ya dubi ƙofa ya ce, "A ce wa na ofis idona lafiya lau."

"Baba, yau cinyar Baffa ce. Gobe fa? In ka harbi ɗan wani a gona, ina za mu sa kanmu?"

"Na ce ba ido ba ne!"

"To mene ne, Baba?"

Baba bai sani ba. Kuma kada wani ya zargi Yaya, tsoro ne ya sa shi, kuma tsoron yana kan hanya.

Ni kuwa na sani. Tun Alhamis biyu da suka wuce na gani. Baba ya gama danna wani harsashi ya ajiye a kan faranti, harsashin ya mirgina, sai na ga kan dalmar yana lilo, yana hawa yana sauka. Na ƙura ido, na ga wani ɗan tabo mai sheƙi a gefe ɗaya na kowace dalma. Ai shi ke nan! Sabon mazubin yana fitar da dalma mai ɗan dogon kai, ramin bakin taɓaryar kuwa an yi shi ne don tsohuwar mai gajeren kai. Sai ya zama gefe ɗaya kawai yake taɓawa, yana tura ta a karkace. Abin da aka zaunar a karkace kuwa ba zai tafi a miƙe ba, ko idon shaho gare ka. Aikin rabin yini ne a injina. Amma da wane baki mijin 'ya zai ce wa surukinsa kayan aikinka sun lalace, kuma kai da ka shekara hamsin kana yi ba ka lura ba?

Na faɗa wa matata. Ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "To sai ka je ka gaya masa."

"Ni? Ke dai ki je, ai babanki ne."

"Kai 'yarsa ka aura, ni haifata ya yi. A cikinmu wa kake ganin zai dawo da rai?"

A ƙarshe ta kai wa Inna. Inna mace ce mai dabara, ta jira ya ci ya ƙoshi, sannan ta ce, "Malam, ko dai ɗan turmin nan ne ya tsufa?" Wayyo! Matata ta ce har maƙwabta sun ji. Ya ce hannun yayansa ne ya ƙera shi, yayansa bai taɓa yin karkataccen abu ba, an gama da idonsa yanzu an koma kan matattu. Kwana biyu bai taɓa tuwonta ba.

Cikin wannan fushin ya aika aka kira Yaya. Ya ce ran Asabar da hantsi a rataya ƙwarya uku a fadama, Yaya ya auna nisan da kansa. In ya kuskure ko ɗaya, a ɗauki bindigar a gaban jama'a. Na san zai kuskure, kuma na san mutumin nan, in aka karɓi bindigarsa a bainar jama'a da sunan makanta, ba zai ƙara fitowa ƙofar gida ba har ya mutu.

Ran Laraba Baba ya tafi suna Chinade, a bayan babur, da sassafe. Wajen ƙarfe goma sai ga matata a shagona, ita da ba ta taɓa zuwa ba, da kwano ɗaure cikin ƙyalle.

"Inna ta ce a ba ka. Ta ce a mayar mata da kwanonta kafin la'asar."

Na buɗe. Ba tuwo ba miya. Turmi ne da taɓarya da dalma guda ɗaya. Allahu akbar, Inna! Matar da ba ta taɓa yi mini magana ba sai ta bayan labule, ita ce ta sa hannu a jakar fatar nan.

Na ɗaura taɓaryar a inji, na yi bisimilla, na kai hannu zan kunna, sai aka ɗauke wuta. Ɗif. Na fito waje ina zagaye kamar wanda kunama ta harba. Maƙwabcina mutumin kudu ya leƙo.

"Maigida, lafiya kake zufa haka?"

Na ba shi labari a tsaitsaye. Ya shiga ya jawo janaretansa, shi da kansa, yana nishi. Yana haɗa waya yana cewa, "Mu a garinmu da sai in je in ce, Papa, kayanka ya lalace, kawo in gyara. Magana ta ƙare."

"To nan ba garinku ba ne."

"Na sani. Shekara ashirin ina nan, komai naku sai an zagaya ta bayan gida. Kunna mu gani."

Na shafa wa dalmar baƙin fitila, na danna ta a bakin taɓaryar, na duba. Gefe ɗaya kawai baƙin ya kama, daidai yadda na zata. Amma da na kawo wuƙar inji kusa, hannuna ya ƙi. Ƙarfe in ka fere shi ba ya komawa. Wannan kuma aikin mamaci ne, shi kaɗai ya rage wa Baba daga yayansa. Na tsaya na yi wa maƙerin addu'a, na ce a raina, aikinka daidai yake da dalmar zamaninka, ka yafe mini. Sannan na fere kaɗan, na tsayar, na gwada. Na sake fere kaɗan, na gwada. Ban san sau nawa ba. Azahar ta yi, na yi salla a ƙofar shago na dawo. Can sai na danna na cire, na ga baƙin ya zagaye ramin gaba ɗaya, zobe cikakke. Na yi ihu har mai sayar da rake ya waiwayo.

Saura matsala ɗaya, wurin da na fere yana ƙyalli kamar sabon kwabo. Na kama shafa masa baƙin mai da toka don ya dushe. Maƙwabcina yana tsaye yana kallona, sai ya ce, "Kana so kada ya gani ke nan."

"Ƙwarai kuwa."

"To in bai gani ba, ashe Yayanku yana da gaskiya. Idon ya tafi."

Maganar nan ta doke ni. Na tsaya da tsumma a hannu. In ya gani, na shiga uku, na taɓa abin da ko matarsa ba ta taɓawa. In bai gani ba, to na gyara wa makaho bindiga ke nan, kuma jinin wanda zai harba nan gaba yana wuyana. Na gama shafawa dai, na ɗaure kwano, matata ta ruga da shi. Ta ce tana fitowa daga ɗakin Inna ta ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Ran Alhamis na je gaisuwa. Na tsuguna inda na saba. Aka aiki bango, aka aiki tabarma. Ya jawo jakar fata, ya fito da turmi, ya saka kwanso, ya ɗora dalma, ya kawo taɓarya ya danna. Sai hannun ya tsaya cak. Ya cire harsashin, ya ajiye a faranti, ya tura shi da ɗan yatsa. Ya mirgina sumul, kan dalmar ko motsi. Ya sake turawa. Sannan ya ɗaga taɓaryar, ya juya bakinta wajen hasken ƙofa. Ni dai ina kallon wata tururuwa a kan tabarma.

Ya daɗe. Sannan ya kai ta hanci ya sansana.

"Ikon Allah," ya ce wa bango. "Ashe aljanu sun shiga jakata jiya. Kuma aljanun zamani ne, warin man inji suke yi."



"A ce wa aljanin aikinsa ya yi kyau. Amma ya bar wani ɗan zane a gefen hagu, siriri kamar gashi. Yayana ba ya barin irin wannan."

Ya miƙo taɓaryar ta gefe, ba tare da ya dube ni ba. Na karɓa da hannu biyu, na duba, na sake dubawa, sai da na karkata ta sosai sannan na hango shi. Zanen yana nan. Ni da na yi aikin da rana tsaka, da idon ɗan shekara arba'in, ban gan shi ba. Jama'a, na rasa inda zan sa kaina don murna! Dariya tana taso mini, kuka yana taso mini, ga shi ba halin yin ko ɗaya a gaban suruki. Na ajiye taɓaryar na ce wa tabarma, "A ce wa Baba za a kiyaye." Na fita da baya, na yi tuntuɓe da dokin ƙofa.

Ran Asabar fadama ta cika. Ban san wa ya yi shela ba. Maharba, masu shayin da suka ce idon ya tafi, 'yan acaɓa, har Baffa aka ɗauko daga Gololo yana dogara sanda. Yaya ya rataya ƙwarya uku a reshen wata bishiya da ke gaban tudu, ya kori kowa zuwa baya, ya auna taku da kansa. Kuma bai yi wa babansa sauƙi ba, ya yi ta tafiya har mutane suka fara gunaguni. Baffa ya ɗaga sanda ya ce, "Kai yaro, Kano za ka kai shi?"

Baba ya tsaya inda aka ce. Ya cire babbar riga ya ba wani, ya saka harsashi, ya ɗaga. Wurin ya yi tsit, har kukan kurciya ana ji.

Tau! Ƙwaryar farko ta watse.

Aka ce "Kai!" baki ɗaya. Bai ko waiwayo ba. Ya buɗe bindigar, ya cire kwanso ya sa a aljihu, ya saka na biyu. Tau! Ta biyu ta tafi, igiyar kawai ta rage tana lilo. Baffa ya yar da sanda yana tsalle da ƙafa ɗaya yana zuba Fillanci. Iska ta ɗan taso, ta uku ta fara juyawa a kan igiyarta. Wani ya ce a jira ta tsaya. Baba ya ce, "Gadu yana tsayawa ne?" Ya ɗaga, ya bi ta kaɗan, tau!

Ban san abin da ya same ni ba. Ni da ake cewa ba na magana, sai ga ni ina gudu ina kabbara, na cire hula na jefa sama, na rungumi wani mutum da ban sani ba, na sake shi na juya, sai na ga ni gaba da gaba da Baba, ido cikin ido. Ashe yana da wani ɗan tabo a gira, ashe kuma in yana murmushi ido ɗaya ya fi rufewa. Na zube ƙasa nan take. Ya juya ya dubi bishiya ya ce, "A ce wa mai inji hularsa tana kan ƙaya."

Yaya ya zo ya durƙusa, hawaye yana zuba, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Duk an zuba ido a ga yadda tsoho zai rama. Sai ya ce, a karo na farko kai tsaye ba ta ƙofa ba, "Tashi. Da ni ne kai, abin da zan yi ke nan. Ɗan da ba zai iya karɓe bindiga a hannun makahon uba ba, ba ɗa ba ne." Bai ce komai a kan turmi ba, ranar ko bayanta. Ya bar mutane suna cewa asirinsa ne ya dawo, ni ma na bar su.

Sati bai zagayo ba ya koma Gololo, harbi ɗaya ya gama da gadun. Ya ƙara damina biyu yana farauta. Sai wata Juma'a bayan an sauko, ba wanda ya tambaye shi, ya naɗe bindigar cikin tsohon bargo ya aika aka kira Yaya. Ya ce, "Ran nan na ce ba ido ba ne, kuma ba shi ba ne. Yau shi ne. Jiya na ga kututture na ɗauka mutum ne. Gobe zan ga mutum in ɗauka kututture ne. Kai ta inda ake kaiwa." Ya ci gaba da zama a ƙofar gida, yana tsokanar masu wucewa, ana kawo masa ƙarar gadu yana tura yaransa maharba. Ba wanda ya karɓe masa komai, shi ya bayar.

Ranar da ya rasu, bayan an yi masa salla, muka ɗauke shi zuwa maƙabarta. Na tsaya a baya, bayan 'ya'yansa da ƙannensa da jikoki. Aka sauke makara a bakin kabari, ana jiran 'ya'ya su shiga su karɓe shi. Sai Yaya ya juyo yana neman wani a cikin jama'a, har idonsa ya faɗo kaina.

"Zo. Kai za ka shiga."

Na ce, "Haba Yaya, ni? Ga ku tsaye?"

"Wasiyya ce. Tun bara ya faɗa mini, ya sa na maimaita. Ya ce a bar mai inji ya kwantar da shi, shi ba ya barin abu a karkace."

Mutane suka buɗa mini hanya. Na cire takalmi na sauka. Aka miƙo shi, na tara hannu biyu na karɓa, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan, mutumin da muryarsa ke cika unguwa. Tun da na auri 'yarsa, ranar ce hannuna ya fara taɓa jikinsa. Na kwantar da shi a gefen dama, na juya fuskarsa alƙibla, na gyara kafaɗar, na gyara ƙafafun, na duba na sake gyarawa. Liman ya ce, "Malam, ya yi haka." Na ce a ɗan ƙara mini haƙuri, ban gama ba.

Allah Ka yalwata masa inda na ajiye shi, Ka haskaka masa shi, Ka haɗa shi da yayansa maƙeri a cikin rahamarKa. Sai da Yaya ya miƙo hannu ya jawo ni sannan na iya fitowa.